Mutuwar Ƙashi Bayan Karayar Idon Sawu: Matsalar Likita, Matsalar Tafinta

Ba da Hausa na buɗe baki ba, da Sayanci na tashi. Shi ya sa nakan tsaya a kan kalmar da ɗan asali zai wuce bai duba ba. Wannan maƙala ta samo asali daga ranar da na yi tafinta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi.

Ɗan maƙwabciyarmu a Yelwa, birkila ne, ya faɗo daga gini ya dira a kan ƙafa ɗaya. Aka kai shi wurin maɗori, aka ce targaɗe ne. Wata huɗu bai iya takawa ba, sai aka zo asibiti. Likitan ba ya jin Hausa sosai, sai ya ce in gaya wa mahaifiyar ƙashin ya mutu. Ina faɗa ta yi salati: "Ɗan nan, ƙafar ta shanye ke nan?" Na ce, "A'a, Inna." Daga nan na rasa ta cewa.

Ga abin da na fahimta daga baya. Tsakanin ƙashin ƙwauri da na diddige akwai ɗan ƙashi da likitoci ke kira talus, shi ke karɓar nauyin jiki. Kusan kashi 60 cikin ɗari na bayansa guringuntsi ne, kuma babu tsokar da ta manne masa, don haka ƙofofin da jini ke shiga cikinsa kaɗan ne. Idan ya karye a wuyansa, musamman in ya goce, sai hanyoyin su tsinke. Ƙashi kuwa abu ne mai rai, da jini yake ci. In jini ya yanke sai ya mutu a hankali, ya yi rauni, wata rana ya lotsa. A 1970 wani likitan Amurka, Leland Hawkins, ya nuna cewa haɗarin na ƙaruwa gwargwadon gocewar. Ba a gane shi ranar faɗuwa. Sai bayan mako 6 zuwa 8 hoton ƙashi ke fara nuna ko jini na zuwa. Masu sikila ma suna fama da irinsa, galibi a ƙashin kwatangwalo.

Ina na yi kuskure? Bahaushe yakan ce mota ta mutu, aure ya mutu, jiki ya mutu. Ko'ina "mutu" na nufin daina aiki, shi ya sa Inna ta ji shanyewa. Haka "jijiya": kalma ɗaya ce ga mai ɗaukar jini da mai kai saƙo da mai ɗaure tsoka. Dole a ce "jijiyar jini".

A ganina da cewa na yi, "Inna, jini ne ya daina kaiwa ga ƙashin, kamar reshen da ruwa ya yanke wa," da ta gane nan take. An hana shi taka ƙafar, an ce idan ƙashin ya lotsa sai tiyatar haɗe gaɓar. Har yanzu da sanda yake zuwa masallaci.