DARASIN NOMA: ZAƁEN SALANSAR TSOHUWAR TARAKTA DA GYARANTA

 Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ƙarar tarakta idan damina ta kawo jiki. Da yawa daga cikin waɗanda ke yi wa iyayenmu huɗa sun girmi wasu malamanmu. Massey Ferguson 135, alal misali, an ƙera ta ne tsakanin 1964 da 1975, kuma har yau ana cin karo da ita a gona. Haka ma Steyr da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi, da Fiat ta Kano. A jikin irin waɗannan tsofaffi, salansa na cikin abubuwan da suka fi saurin ruɓewa, kuma ita aka fi rainawa.

Mene ne aikinta?

Inji numfashi yake yi kamar mu. Yana shaƙar iska, ya matse ta, ya ƙona mai a cikinta, sannan ya fitar da hayaƙi. Hayaƙin yana fitowa ta bawul, ya taru a wani ƙarfe mai rassa da ake kira manifol, ya bi bututu zuwa tukunyar salansa, inda ƙararsa ke raguwa kafin ya fita. Idan hanyar ta toshe, inji zai yi zafi, ƙarfinsa ya ragu, ya ƙara shan mai. Idan ta ɓule, direba ne zai sha hayaƙi da ƙara. Masana lafiya sun ce ƙarar da ta kai desibel 85, idan mutum yana jin ta awa 8 kullum, tana lalata ji, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Tsohuwar tarakta da aka cire wa salansa tana wuce wannan ma'auni.

Wacce za a zaɓa?

Iri biyu ne. Akwai mai tsayuwa sama, akwai mai bi ta ƙarƙashi ta fita ta baya. Ta ƙasa tana da amfani a lambun mangwaro ko goba, inda reshe zai iya karya mai tsayi. Amma a gonar dawa ko masara, ta ƙasa haɗari ce: da kaka tana goga busasshen kara da zafinta, tartsatsi ɗaya kuma ya isa ya cinye amfanin shekara. Don haka mai tsayuwa ta fi dacewa da yawancin gonakinmu, da sharaɗin bakinta ya wuce kan direba yana zaune.

Kafin a je kasuwa, a auna faɗin bakin manifol, a rubuta samfurin injin, ko a tafi da tsohuwar a gwada. Bututun da ya fi bakin manifol ƙanƙanta shaƙe inji yake yi. Salansar ƙaramar mota ba a yi ta don jijjigar gona ba. A ɗaga sabuwar a ji nauyinta, domin marar kauri ba ta daɗewa. Araha ba ta ado.

Murfin ruwan sama

Wannan ɗan marfi da ke rawa a saman bututu shi ne mai gadin inji. Idan babu shi, ruwan sama zai gangara cikin manifol, ya shiga silindar da bawul ɗinta ke buɗe. In tarakta ta daɗe a ajiye, tsatsa ta kama fistan. In aka tashe ta da ruwan a ciki, ku tuna darasin kimiyya: ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Fistan zai daki ruwan, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe, aikin da marfi ɗaya zai hana ya koma sauke inji. Wanda bai samu marfi ba ya kife gwangwani a bakin bututun, bayan ya huce.

Matakan gyara

1. A kashe inji, a bari ya huce sosai.
2. A nemi inda baƙin hayaƙi ya yi zane a mahaɗa. Nan ne take yoyo.
3. A jiƙa notunan da suka yi tsatsa da man sassauta noti, su kwana. Wanda ya yi musu ƙarfi zai karya kusa a cikin kan inji.
4. A kankare fuskokin da za su haɗu, a sa sabon gasket. Ba a mayar da tsoho.
5. A ɗaure notunan manifol kaɗan-kaɗan, daga na tsakiya zuwa na gefe. A sake duba su bayan aikin farko.

Idan walda za a yi, a kwance abin a kai wa mai walda, domin a taraktoci irin 135 tankin mai yana saman inji ne. Manifol ƙarfen zubi ne: sai an gasa shi tukuna, a yi masa walda da sanda mai sinadarin nikel, sannan a binne shi a busasshen yashi ya huce a hankali. Aka watsa masa ruwa, tsagewa zai sake yi. Kada kuma a yi faci da bututun famfo mai rufin zinki, tururinsa yana sa mai walda zazzaɓi.

Hayaƙi yana magana

Baƙi: mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. A fara duba matatar iska, musamman bayan ƙurar hunturu. Shuɗi: inji yana ƙona baƙin mai, sau da yawa saboda ringi ya cinye. Fari da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi: man da bai ƙone ba ne, ko ruwa na shiga silinda. Sabuwar salansa ba ta maganin ko ɗaya daga cikinsu, sai bakanike. A ƙarshe, kada a bar tarakta tana aiki a rufaffen ɗaki, domin iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙi ba ta da launi ko wari, kuma tana kisa.

Aikin gida

A wannan mako, ku nemi izinin wani mai tarakta a unguwarku ku duba tasa tana kashe. Wane irin salansa gare ta? Tana da marfi? Akwai zanen baƙi a mahaɗa? Ku rubuta abin da kuka gani ku jefa a akwatin ƙungiya. Amsoshin da suka fi kyau za su hau wannan allo a fitowa ta gaba.