Yadda Ake Zaɓen Jitar Bes ta Kwaikwayo da Gyara Ta

Matashin da ke son koyon jitar bes a Daura, Mai'adua, Zango, Baure ko Sandamu, galibi sai ya dangana da masu kayan sauti na Sabon Gari a Kano, ko ya yi saƙo daga kasuwar Alaba ta Legas. Akasarin abin da zai tarar kwaikwayo ne na samfuri biyu na kamfanin Fender na Amurka: Precision da ta fito a 1951 da Jazz Bass ta 1960. A ganina irin wannan jita ta cancanci saye, muddin wuyanta lafiyayye ne, domin duk sauran sassanta ana iya canza su da kuɗi kaɗan, amma wuyan da ya murɗe gyaransa ya fi ƙarfin kuɗin jitar.

Da farko ka raba kwaikwayo da jabu. Kwaikwayo ita ce wadda ta ari siffa amma ta fito da sunan kamfaninta. Fender da kanta ta fara sayar da masu araha da sunan Squier a 1982. Jabu kuwa ita ce aka liƙa wa tambarin Fender alhali ba ta da alaƙa da shi. Ka guje ta, don wanda ya yi ƙarya a tambari ba za a amince masa a kan katako ba.

Daga nan sai gwajin wuya, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Ka ɗaga jitar ka hango wuyan daga kai zuwa jiki. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi ba ne, amma idan gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ka ajiye ta. Ka danne tsirkiya mai kauri a layin ƙarfe na farko da na ƙarshe, ka duba tsakiya: ratar da ta rage kada ta wuce kaurin katin ciniki sosai. Sannan ka sa mai shago ya juya sandar ƙarfen da ke cikin wuya da alanki a gabanka. Idan ta ƙi motsi, ko tana juyawa ba ta kama komai, babu ciniki. Wannan sanda ta fi muhimmanci a ƙasar Daura fiye da Legas, saboda jitar da ta sha danshin bakin teku za ta zo ta gamu da hunturu, katako ya tsuke, wuya ya motsa, bakin ƙarafa ya fito yana kartar hannu. Damina ta zo ya sake kumbura. Bayan haka ka buga kowace tsirkiya a kowane layi kana sauraren kaɗawa, ka jona ta da amfilifaya ka murɗa maɓallan. Ka zaɓi wadda ba ta amfani da batir, ta fi sauƙin gyara.

Idan ta iso gida, ka bar ta cikin jaka kamar mako biyu ta saba da iskar gari. Gyara na farko sabbin tsirkiyoyi ne. Na biyu saiti: ka juya sandar wuya rubu'in zagaye kawai, ka jira kwana guda, ka daidaita jaki har tsayin tsirkiya a layi na 12 ya kai wajen milimita 2 zuwa 2.5, ka tabbatar sautin wannan layi ya yi daidai da na tsirkiya a sake. Na uku waya: mai gyaran rediyo zai sake liƙa dalma, ya canza ramin jona waya, ya shimfiɗa takardar tagulla a ciki don rage gurnanin wutar janareta. Canza maganaɗisun ɗaukar sauti shi ne na ƙarshe, kuma sai bayan ka mallaki amfilifayar bes ta gaske, domin ƙaramar lasifika ba za ta nuna maka bambancin ba.

Wasu za su ce kuɗin gyara ba ya dawowa ranar sayarwa. Gaskiya ne, shi ya sa za ka adana tsofaffin sassan, ka mayar da su idan za ka sayar, kuma kada jimillar gyara ta haura kuɗin jitar. In za ta haura, Squier ko Yamaha ta hannu ta fi. Wasu kuma za su ce gara a yi haƙuri a tara kuɗin ta asali. Amma hannu ba ya koyo da jira, kuma faɗuwar naira tana cinye abin da ake tarawa. Ko makaɗin jita Mdou Moctar na Nijar da wayoyin birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Ka sayi mai lafiyayyen wuya, ka saita ta da shigowar hunturu da faɗuwar damina, kada kuma ka bar ta a but ɗin mota cikin zafin Afrilu.