Masauki a Zariya: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Baƙo ba ya yankewa a Zariya. Uba ya rako 'yarsa tantancewar shiga ABU, wani ya kawo mara lafiya asibitin koyarwa na Shika, wata ta zo bikin yaye ɗanta daga makarantar horar da kuratan soja, ga kuma masu zuwa kallon hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau. Da yawansu da an sauke su a Kwangila ko Ɗanmagaji sai su ce wa mai keke, "Malam, kai ni otal mai sauƙi." Daga nan asarar take farawa, domin shi inda ya sani zai kai ka, wani lokaci ma inda ake ba shi na goro.

Kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, tambayi kanka ina hidimarka take. Zariya a warwatse take. Ga Birni cikin ganuwa, ga Tudun Wada da ka fito ta Ƙofar Doka, ga Sabon Gari a hayin Kubanni, sannan Samaru can a hanyar Funtuwa, Shika kuma gaba da ita. Tudun Wada dama tun zamanin Turawa unguwar baƙi ce, a nan 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun Birni ba suka zauna, kuma har yau ta fi dacewa da wanda ya zo Kongo, ko FCE, ko Gyallesu, ko cikin gari. Amma ABU harabarta biyu ce. Tsangayar shari'a tana Kongo, yawancin sauran suna Samaru, don haka duba takardar yaronka da kyau. Haka nan asibitin koyarwa ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika tun 2005, kuma har yanzu akwai mutanen ƙauye da na nesa da ke kama ɗaki a Tudun Wada suna zaton asibitin na kusa. Idan layin ganin likita ko jarrabawar ƙarfe takwas na safe ce ta kawo ka Shika ko Samaru, nemi wuri can. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: kuɗin ɗaki, a haɗa da kuɗin mota zuwa da dawowa, na mutum nawa, na kwana nawa. Sau da yawa za ka ga ɗakin da ya fi tsada kaɗan amma ana zuwa wurin hidima a ƙafa shi ne mai arahar.

Kada ka biya kuɗin ɗakin da ba ka shiga ba. Ko dare ya yi, ko ka gaji, ce wa yaron kanta ya ɗauko makulli ku je. Kana shiga ka wuce banɗaki ka murɗa famfo. In ya yi tsit, ka ga an jera bokiti biyu da jarka a lungu, ka san da ɗiba ake sha, sai ka tambaya ko akwai burtsatse a gidan da kuma wanda zai kawo maka ruwa da asuba. Ka ɗaga zanin gado ka haska ɗinkin gefen katifa da fitilar waya; ɗigo-ɗigon baƙi a wurin aikin kuɗin cizo ne, kada ka tsaya jin bayani. Ka duba ragar taga, musamman da damina, ka gwada sakatar ƙofa daga ciki, ka soka cajarka a bango ka gani ko tana ɗauka. Duk wannan ba ya cin minti biyar.

Maganar wuta, "akwai jen" ba amsa ba ce. Ƙarfe nawa ake tayarwa, ƙarfe nawa ake kashewa? Yana jan AC ko fanka kaɗai? Ƙananan gidajen baƙi da yawa suna kashe injin cikin dare saboda tsadar mai, kuma ban ga laifinsu ba, amma haƙƙinka ne ka sani kafin ka biya kuɗin sanyin da ba za ka sha ba. Gidan da ke da sola ya fi mini kwanciyar hankali, domin fanka za ta kwana tana juyawa. A watan Maris da Afrilu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a Disamba da Janairu, lokacin da hunturun Zariya ke ratsa ƙashi, biyan ɗaki mai AC zubar da kuɗi ne; ɗauki mai fanka, ka tambayi bargo da ruwan zafi.

Farashin da aka liƙa a bango ana taɓa shi, sai dai ba yaron kanta ke da ikon ragewa ba. Nemi manaja cikin mutunci, ka faɗa masa abin da ya kawo ka da yawan kwanakin da za ka yi. Shawarata ka biya kwana ɗaya tukuna, in wurin ya yi maka sai ku yi cinikin sauran a dunƙule. A manyan otal ka tambaya ko kuɗin ya haɗa da harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, da kuɗin hidima, kada sai ranar tafiya a miƙo maka ƙari. Karɓi rasit ko da taransifa ka yi. Kuma don Allah kada ka tura kuɗi ga wani don ka ga hoton ɗaki mai kyau a Facebook. Idan lokacin cunkoso ne, kamar bikin yaye ɗalibai ko na sojoji ko makon Sallah, roƙi wani da ka sani a gari ya je ya gani da idonsa, ya kama maka tun da sauran kwanaki.

Mace mai tafiya ita kaɗai ko mai iyali, a tambaya tun a bakin ƙofa ko akwai mashaya a gidan. In akwai, barci zai yi wuya, hankali ma ba zai kwanta ba. A zaɓi ɗakin da ke kusa da kanta, a gaya wa na gida sunan wurin.

Abinci kuwa, a Tudun Wada ba ka da hujjar cin na kicin ɗin otal. Da safe ga mai koko da ƙosai, ga teburin mai shayi, da rana ga masu tuwo da shinkafa a kewayen kasuwa, da dare ga tsire da balangu. Bi inda ka ga ɗalibai da ma'aikata sun yi layi, a nan abinci ba ya kwana. Ruwan leda ka sayi jaka guda a shago ka ajiye a ɗaki.

Akwai kuma masaukin da ya fi kowanne sauƙi, wato gidan ɗan'uwa ko abokin arziki, kuma Zazzagawa ba su gaza wajen karɓar baƙo ba. Sai dai zamanin nan kowa na ji a jikinsa. Yi waya tun kafin ka taso, faɗi ranar zuwa da ranar tafiya, kada ka shiga hannu rabbana: riƙo 'yar shinkafa, ko doya, ko abin da garinku ke nomawa. In zaman zai wuce kwana uku, sa hannu a cefane ba tare da an tambaye ka ba. Masu doguwar jinya kuwa, kwanan otal zai cinye kuɗin magani. Gara su tambayi sauran masu jinya da suka riga su zuwa, ko mutanen unguwa a Shika da Samaru, ko za a samu ɗakin da za a biya na wata, su zo da tabarma da risho da tukunya.

Yawancin masaukai ƙarfe 12 na rana kwanan ɗaki ke ƙarewa, in ka zarce sai a caje ka rabin kwana ko ma cikakke. Idan hidimarka za ta kai la'asar, haɗa kayanka tun da safe, ka miƙa makulli, ka roƙi a ajiye maka jaka a kanta. Kuɗi da waya da takardun makaranta ko na asibiti su kasance a jikinka.