Kimiyyar Ƙera Mota a Gida: Daga Motar Kara Zuwa Bodin Zaren Gilashi

Gabatarwa

A ƙauyukan Gwiwa da Roni da sauran ƙasar Kazaure, da zarar an gama girbi, yara kan shiga sana'ar ƙera motar kara. Sukan fere ɓawon karan dawa su yi ginshiƙai, su yanka totuwa su haɗa gaɓoɓi, su yi tayoyi da sakaina. Manya kuwa sun wuce nan, domin masu walda kan ɗauko ƙarfen tayoyin tsohuwar mota su ɗora masa katako, ya zama amalanken shanu. Haka nan kafintoci sun daɗe suna yi wa manyan motoci bodin katako. Duk waɗannan ayyuka ƙirar mota ce a matakin farko. Manufar wannan darasi ita ce bayyana dokokin kimiyya da ke ƙarƙashin wannan sana'a, da kuma yadda halittun Ubangiji suka riga ɗan Adam amfani da su.

Motar haɗa-da-kanka

A ƙasashen Turai akwai motar da ake sayarwa a wargaje cikin akwatuna, mai saye ya haɗa abarsa a gida. Wadda ta fi shahara ita ce Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fito da ita a Ingila a 1957. A wancan zamani ba a ɗora harajin saye a kan motar da aka sayar a wargaje, saboda haka ta zo wa masu ƙaramin ƙarfi da sauƙi. A Amurka kuma, Bruce Meyers ya ƙera Meyers Manx a 1964, inda ya haɗa injin Volkswagen Beetle da bodin zaren gilashi don yawo cikin rairayi.

Masana'antun Nijeriya ma a kan wannan tsari suka tashi. Kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, a da sassa ake kawo masa daga Faransa ya harhaɗa su su zama 504. Wato ke nan bambancinsa da mai haɗawa a gida shi ne yawa da kayan aiki da gwaji.

Ƙwarangwal: darasi daga ƙashi

Masana kimiyyar halittu sun lura da iri biyu na ƙwarangwal. Akwai na ciki, kamar na mutum da saniya, inda ƙashi ke ɗauke da nauyi, fata kuma ta lulluɓe shi. Akwai na waje, kamar na fara da buzuzu da ƙaguwa, inda ɓawon jiki shi ne ke ɗaukar nauyi. Motoci ma haka suka rabu. Babbar mota tana da shasi, wato dogayen ƙarafa biyu da aka ɗora bodi a kansu. Yawancin ƙananan motocin zamani kuwa irin fara ne: bodin shi kansa ne ƙwarangwal. Wannan ne dalilin da ya sa yanke rufin ƙaramar mota don a mayar da ita ta ɗaukar kaya yake raunana ta baki ɗaya, ko da ido bai ga alamar rauni ba.

Mai ƙira a gida ba shi da manyan injinan matse ƙarfe, don haka hanya ta farko ta fi masa sauƙi. Yakan haɗa ƙwarangwal da bututun ƙarfe. Me ya sa bututu? Idan aka lanƙwasa sanda, gefenta na waje ne ke miƙewa, na ciki ya matse, tsakiyarta kuwa kusan ba ta aikin komai. Saboda haka bututu ya fi dunƙulallen rodi mai nauyi ɗaya da shi jure lanƙwasa. Ƙashin cinya da gora da ƙashin fiffiken tsuntsu duk a kan wannan tsari aka halicce su. Karan dawa ma ƙarfinsa a ɓawo yake.

Doka ta biyu ita ce alwatika. Siffa mai kusurwa huɗu tana karkacewa in an tura ta daga gefe, amma mai kusurwa uku ba ta sake siffa sai ɗaya daga cikin ɓangarorinta ya karye ko ya lanƙwashe. Shi ya sa kafinta ke gitta katako a bayan ƙyaure. Ƙwarangwal ɗin Lotus Seven alwatikai ne na siraran bututu, aka rufe da alminiyam, nauyin motar duka kusan rabin tan ne.

Ƙirar bodi

Bodi shi ne fatar mota. Ana yin sa ta hanyoyi uku. Ta farko ita ce bugun farantin ƙarfe, wanda kaurinsa bai cika wuce milimita ɗaya ba. Mai bugun bodi yana yin abin da maƙeri ke yi: inda guduma ta sauka ƙarfe yakan yi siriri ya bazu, sai ya kumbura ya ba da siffa. Amma yawan bugu yana sa ƙarfe taurin da zai tsage, sai an gasa shi ya yi laushi. Babban abokin gabarsa tsatsa ce, wadda ke samuwa idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Aikin fenti na farko shi ne raba su.

Ta biyu ita ce alminiyam. Santimita ɗaya ta kowace fuska ta ƙarfe tana da nauyin giram 7.8, ta alminiyam kuwa 2.7, wato kusan sulusi. Ba ya yin jar tsatsa, amma waldarsa tana da wuya, don haka akan haɗa shi da ƙusoshin matsi.

Ta uku ita ce zaren gilashi, wanda Chevrolet Corvette ta yi amfani da shi tun 1953. Da farko akan sassaƙa samfurin bodin da katako da yumɓu ko filasta, a goge shi sumul, a shafe da kakin zuma ko makamancinsa don kada ya manne. A kansa ake ɗaukar mazubi, kamar yadda masu zubin tukwanen alminiyam ke ɗaukar siffa a cikin ƙasa. Sai a shimfiɗa tabarmar zaren gilashi cikin mazubin, a jiƙa ta da rezin, wato wani ruwa mai danƙo kamar ƙaro, wanda aka ɗiga wa sinadarin daskarwa. A danne da burushi har kumfar iska ta fita, a ƙara shimfiɗa a kan shimfiɗa. In ya daskare sai a ɓamɓaro.

Sirrin ƙarfinsa shi ne haɗin gwiwa. Zare yana jure ja, rezin kuma yana riƙe zaren wuri ɗaya ya rarraba masa nauyi. Haka itace yake, zaren selulos ne cikin danƙon lignin. Haka ƙashi yake, zaren kolajin ne da gishirin kalsiyam. Magina ma sun san wannan tun kaka da kakanni, shi ya sa suke cuɗa ƙasa da ciyawa. Motar Trabant ta Jamus ta Gabas, wadda aka fara a 1957, da tarkacen auduga da rezin aka yi bodinta, kuma kamfanin Toyota ya yi amfani da zaren rama a bangon ƙofofin wasu motocinsa. Ramar nan ita ce dai wadda ake shukawa a gefen gonakin Jigawa.

Siffa da tsaro

Kifi da shaho ba su da kusurwoyi masu tare ruwa ko iska. Turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu, saboda haka bodi mai faɗin goshi mai shan mai ne. Tsawo ma yana da haɗari: duk lokacin da aka ƙara wa bodi tsayi aka lafta kaya a sama, cibiyar nauyi takan hau, motar ta yi saurin kifewa a kwana.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne zaton cewa mota mai tauri ita ce mai tsaro. Injiniya Bela Barenyi ya nuna akasin haka, aka fara aiki da dabararsa a Mercedes a 1959. Ana so gaba da baya su lotse a lokacin karo, ɗakin fasinja kuma ya tsaya daram. Lotsewar tana tsawaita lokacin tsayawa, sai ƙarfin da ke isa ga ƙwaƙwalwa da ƙirji ya ragu. In ƙarfe ya ƙi lotsewa, jikin mutum ne zai karɓi bugun. Don haka birki da sitiyari da bel ba wuraren gwajin basira ba ne, kuma kada motar gida ta hau titi sai jami'an duba motoci sun amince da ita.

Lafiyar mai ƙira ita ma abin kula ce. Hasken walda yana ƙona fatar ƙwayar ido, zafin kuma sai bayan sa'o'i yake tasowa. Tururin rezin da na fenti da ƙurar zaren gilashi suna cutar da huhu. A yi aiki a fili, da gilashin walda na ainihi da abin rufe hanci. Kada a kusanci tankin mai da wuta ko da babu mai a ciki, domin tururin da ya rage shi ne ke fashewa.

Kammalawa

Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi kafin ya wuce Amurka, inda ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Daga 2017 zuwa 2023 ya shugabanci hukumar tsara da bunƙasa ƙirar motoci ta Nijeriya. Ɗalibin Gwiwa ma yana da kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure kusa da gida. Abin da ake bukata shi ne basirar hannu ta haɗu da lissafi da kimiyya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin aji

1. A haɗa murabba'i da alwatika da ɓawon kara da totuwa, a tura kowanne daga gefe. Wanne ya karkace, kuma me ya sa?
2. A yi tubali biyu, ɗaya da ƙasa zalla, ɗaya da ƙasa da zaren rama. In sun bushe a gwada wanda ya fi saurin karyewa.
3. In mota ta ƙara gudu daga kilomita 40 zuwa 120 a sa'a, sau nawa turjiyar iska ta ninku?