Kalmomin Sana'ar Haɗa Fawa Banki a Dutse: Nazarin Aro da Faɗaɗa Ma'ana

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake haɗa fawa banki da hannu, tare da kalmomin da Hausa ta tanadar wa aikin. An nuna cewa kalmar "wuta" ta ɗauki ma'anoni fiye da kima, kuma rashin rarrabe su kan jawo asara ko gobara.

1.0 Gabatarwa

Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, wayar salula kuma ta fara bazuwa a Nijeriya daga 2001. Sai dai wutar da kamfanin KEDCO ke rarrabawa a Kano da Katsina da Jigawa ba ta tsayawa kullum. Wannan ya sa ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutse da ɗan kasuwa a Shuwarin duk suke buƙatar rumbun ajiye caji na tafi-da-gidanka. Wasu masu gyaran waya kan haɗa shi da kansu.

2.0 Yadda Ake Haɗawa

Jigon aikin shi ne batirin litiyam mai lamba 18650, wanda akan ciro daga tsohon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka. Lambar girmansa take nunawa: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Matsakaicin ƙarfinsa bolt 3.7 ne, idan ya cika ya kai 4.2, alhali kafar USB bolt 5 take bayarwa. Don haka ana buƙatar ƙaramin faifai mai ɗaga ƙarfin zuwa 5, da wani mai yanke caji idan batir ya cika ko ya yi ƙasa sosai. Ana auna kowane batir da mita, a ware mai rauni, a haɗa sauran kai da kai, gindi da gindi, a liƙe da dalma, sannan a rufe a mazubin roba.

3.0 Aro da Faɗaɗa Ma'ana

Sunayen kayan aro ne daga Ingilishi, an daidaita su da tsarin gaɓar Hausa: "fawa", "banki", "caji", "caja", "mita". A "banki" an ƙara wasali a ƙarshe, domin Hausa ta fi son gaɓa buɗaɗɗiya. Aikatau kuwa na gida ne: batir yana "shan" caji, yana "riƙe" shi, yana "kumbura", yana "mutuwa". An ɗauko su daga jikin mai rai aka jingina wa na'ura.

4.0 Inda Matsalar Take

"Ƙarfin wuta" na iya nufin ƙarfin turawa, wato bolt, ko yawan cajin da batir ke ɗauka. Batura huɗu masu miliyamfa 2,500, idan aka haɗa su kai da kai, za su ba da 10,000 a kan bolt 3.7. Idan aka jera su kan wannan a gindin wancan, ƙarfin turawa ne zai haura zuwa 14.8, wanda zai ƙone faifan da aka yi domin 3.7. Almajirin da maigidansa ya ce wa "ƙara masa wuta" bai san wanne ake nufi ba. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni kan wuce digiri 40, batirin litiyam da aka yi wa haɗin kuskure na iya kamawa da wuta ta zahiri.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta ba da shawarar a kira na farko "haɗin kafaɗa", na biyu "haɗin jere", a kuma bambanta "ƙarfin turawa" da "cikin batir". Masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya za su amfana idan suka fara sauraron abin da ake faɗa a rumfar gyara kafin su tsara nasu.