Ina ɗan lakwal zai samu taimako?

Ƴan uwa, mahaƙar Cominak ta Akokan ta rufe a 2021. Yau wanda ba ya da takardar karatu, aiki na yi mishi wuya.

In ɗanka zai yi jarrabawar BEPC, je ka ga darektan makarantarsu tun farkon shekara. Sai da takardar haihuwa ake rubuta sunan yaro. In babu ita, tafi wurin alƙali a Arlit. Kada ka jira watan jarrabawa. Wanda ya bar lakwal ma yana iya yi: ya tambaya a ofishin sufeto.

Mai son koyon aikin ma'adinai, akwai makarantar EMAIR a Agadas.

In tsoron jarrabawa ya hana yaro barci, kar a buge shi. A faɗa ma malaminshi, a kai shi likita.