Daga Kano Zuwa Jidda: Yadda Nisa Ke Yanke Kuɗin Jirgi

Tsakanin Kano da Jidda akwai tazarar kilomita wajen 3,400 idan aka bi hanya mafi gajarta. Jirgin fasinja na zamani yana cin kimanin kilomita 850 a awa ɗaya, saboda haka tafiyar takan ɗauki awa huɗu da rabi ko biyar, idan aka haɗa da tashi da sauka. Agogon Saudiyya kuwa yana gaba da na Nijeriya da awa biyu, watau wanda ya bar Kano da ƙarfe 10 na safe zai isa Jidda wajen ƙarfe 5 na yamma a agogonsu.

To amma abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi shi ne, kamfanin jirgi yana yin lissafinsa ne bisa awoyin da jirgin zai yi a sama. Kowace awa tana cin mai, kuma mai shi kaɗai yakan kwashe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na abin da kamfanonin jirage ke kashewa. Bayan wannan akwai albashin matuƙa da kuɗin gyara. Haka kuma kowace ƙasar da aka ratsa sararin samaniyarta tana karɓar kuɗi, galibi gwargwadon nauyin jirgin da nisan da ya yi a cikinta.

Hanyar Kano zuwa Jidda ta ratsa Chadi da Sudan kafin ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilun 1‌5 ga wata, 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai ya zama tilas jirage su kewaya. Wannan ya ƙara wa tafiyar awa biyu ko fiye, har kamfanonin da ke jigilar alhazan Nijeriya a shekarar suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, alhali Jidda tana nan inda take.

Kewayen yana da wata illar ga masu fatauci. Akwai iyakar nauyin da jirgi zai iya tashi da shi, don haka idan aka ƙara mai, sau da yawa dole a rage kaya. Wanda ke odar atamfa, jallabiya, turare ko dabino daga Jidda shi ne zai fara ji a jikinsa, domin kuɗin kowane kilo zai hau.

Saboda haka kafin ɗan kasuwa ya biya kuɗin tikiti ko na dakon kaya, ya tambayi wakilin kamfani hanyar da jirgin zai bi, da inda zai yada zango, da kilo nawa aka yarje masa. Tikiti mai araha da zai kwana da mutum a Alƙahira ko Addis Ababa yana iya fin na kai tsaye tsada, idan aka sa kuɗin masauki da ranar cinikin da ta salwanta a lissafi.